Ranar Da Na Wanke Tauraron Soja Da Toka

Wauta kam na tafka ta iri-iri a London, amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Lokacin ina aikin shara a wani ɗan gidan tarihi kusa da Plumstead. Aka kawo wata ƙwallon alminiyam mai girman randa, duk ta dafe. Shugabarmu, wata Baturiya, ta ce 'yar'uwar ƙwallon na can sama tun muna yara. Sojoji ne suka harba ta, ba inji ba fitila, ta yi ta zagaya duniya suna gwada rada da ita, wato na'urar da ke hango makami mai linzami tun daga nesa. In rada ta gan ta, to za ta ga makamin abokan gaba. Tamu kuwa ta ajiya ce.

Ni da ajina uku na firamare, ga ni ɗaki ɗaya da tauraron soja. Abu guda ya dame ni: mutanen da suka iya kai ƙarfe sama sun kasa wanke shi.

Ranar da za a baje kolinta na yi sammako da lemun tsami da tokar da na ɗebo wajen abokina mai tsire. Na dirje ta yadda ake wa tukunya a gidanmu. Rabi ya fito fes, har ina hango giɓina a ciki.

Shugaba na shigowa ta ƙame. Ashe dafewar ita ce tarihin, da safar hannu ake taɓa ta. Ta ce in same ta a ofis bayan taro. Na san aikina ya tafi.

Babban baƙo wani tsoho ne a keken guragu, yana cikin waɗanda suka ƙera ta. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a gefen da na wanke.

"Wa ya yi wannan?"

Na ɗaga hannu a hankali.

"Haka take ranar da muka gama ta. Ban zaci zan sake gani ba. Ku bar ta haka, rabi da rabi."

Na tsira da gargaɗi kawai. Tun daga ranar, ko madubi ne sai na tambaya kafin in goge.

Na koma gida ina ta zuba wa matata Hajiya labari. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, shekara talatin muna tare, tukunyata ko ɗaya ba ka taɓa wankewa ba."