Na Gaskata Lambar Firiza, Na Ƙaryata 'Yata

Assalamu alaikum. Ina roƙon a buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba. Ni matar aure ce a Azare, uwar 'ya'ya biyar. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da na haifi na huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu. A lokacin da abin nan ya faru, babu abin da nake alfahari da shi kamar yadda na iya karanta lamba da kaina, ba sai na nemi wani ya duba mini ba. Mutane sun san ni da haƙuri da sanyin murya. Ni ma haka na ɗauki kaina.

'Yata ta fari tana da shekara goma sha shida aka gano tana da ciwon sukari, irin wanda sai da allura kullum. Ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayani: ruwan allurar, wato insulin, yana son sanyi amma ba ya son ƙanƙara, a ajiye shi tsakanin lamba biyu zuwa takwas. Na rubuta a bayan littafina na makaranta. Da yake wutarmu ba ta da tabbas, maigidana ya sayar da shanunsa biyu da ke wajen ƙaninsa a Gamawa, ya haɗa mana sola da ƙaramar firiza mai nuna lamba a gaba, irin wadda ake iya saita ta ta yi sanyin firij kawai. Aka saita ta a huɗu. Kowace safiya bayan na idar da salla sai na leƙa, in ga huɗu ko biyar, in ce alhamdu lillahi. Shekara guda muna haka, yarinya ta yi ƙiba, ta koma makaranta.

Da bazara ta shigo sai lambar ta tsaya a shida. Safe shida, yamma shida. Na buɗe littafina na duba, shida tana cikin abin da aka ce, sai na kwantar da hankalina. Na lura injin ya daina hutawa, da can yakan yi ƙara ya yi shiru, yanzu kuwa gunji yake yi wuni guda. Na ce zafin gari ne. Zoɓon da nake sakawa a gefe ya fara daskarewa, maƙwabta suna aiko da kunun ayarsu suna yaba mini, wai firizata ta fi ta kowa. A garin da ƙanƙara take da daraja haka, wa zai ce sanyi ya yi yawa? Har daɗi nake ji.

Sai yarinya ta fara ramewa. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari babu iyaka, in an gwada sukarin a gida sai a gan shi can sama. Ta same ni a madafa ta ce mini, Umma, ita fa tana ganin ruwan allurar ya canza, da safe yakan yi kauri sai ta daɗe tana murza kwalbar a tafin hannu kafin ya sake, kuma akwai wasu 'yan gudaji da ke maƙalewa a jikin kwalbar. Na ce ai dama an ce a riƙa murzawa. Na ja hannunta har gaban firizar na nuna mata lambar, na tambaye ta ko ita da take sakandare ba ta iya karanta shida ba. Da muka koma asibiti, tambayar farko da aka yi mini ita ce yadda nake ajiye maganin. Na amsa da ƙarfin zuciyata cewa a shida yake, kullum ina dubawa. Da suka ji haka sai suka ce to a sa ido a kan abin da take ci. Suka ba mu sabuwar kwalba, na kawo na saka ta inda na saka ta farko.

Daga nan ne na yi abin da ya hana ni sukuni har yau. Na sa a raina cewa tana cin zaƙi a ɓoye. Na fara bincika jakarta in ta dawo daga Islamiyya. Wata rana na tsinci ƙwallon dabino guda ɗaya a ƙasan jakar, na ɗora shi a tafin hannuna na jira ta. Ta rantse da Allah tun azumin bara yake ciki. Ban ɗaga murya ba, ni ba mai faɗa ba ce, kuma na fi so a ce faɗan na yi. A hankali na ce mata babanta ya rabu da shanunsa saboda ita, ita kuma tana kashe kanta saboda kwaɗayi, tana kuma yi mini ƙarya. Ta dube ni ta ce, Umma, in ke ba ki yarda da ni ba wa zai yarda? Na juya na ci gaba da tankaɗe. A wajenmu 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a rarrashinta a gaban mutane, ana jin kunyarta. Da wannan kunyar na fake na bar ta tana kuka a ɗaki.

Bayan kamar mako biyu muka tafi Katagum sunan ɗan ƙanwata. Tun a mota take cewa cikinta na ciwo. Ana cikin rabon waina ta fara amai, numfashinta ya koma mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta na wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna. Ko a lokacin, Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne ta sha lemon biki. Kafin a samo mota, kafin mu iso Azare, ta daina gane mu. Kanta na kan cinyata duk tsawon hanyar, ranar ce na fara kiran sunanta da bakina, ina ta kira, ba ta amsa ba. Kwana biyu ta yi a asibiti Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki na buɗe firizar don in kwashe sauran maganin. Na tarar da gorar ruwa ta tsage saboda ƙanƙara, lambar kuwa tana nan a shida. Maigidana ya kira wani mai gyara, mutumin kudu ne amma ya daɗe a Azare, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Ya saka nasa ma'aunin a ciki, ya nuna mana sanyin ya wuce sifili nesa ba kusa ba. Ya zaro wata siririyar waya mai ɗan kai kamar ƙwayar gyaɗa, ya ce sunanta sensa, ita ce ke jin sanyi ta gaya wa injin ya tsaya. Ya haɗa ta da mitarsa, ya tsoma kan a kofin ƙanƙara, sannan ya dunƙule shi a hannunsa har ya yi ɗumi. Mitar ba ta motsa ba. Ya ce laima ce ta shige ta ta mutu a kan shida, injin kuwa yana ta neman huɗu bai samu ba, shi ya sa ba ya tsayawa. Yana dariya ya ce, Hajiya, ai ƙaramin aiki ne, da kin kira ni tun da kika ji ya daina hutawa. Sai idonsa ya kai kan kwalaben. Ya tambaya na wane ne. Maigidana ya gaya masa. Sai ya canza wayar, ko rabin awa bai yi ba, injin ya yi shiru. Washegari na kai kwalaben asibiti, aka tabbatar mini insulin in ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke.

Kowa yana ce mini ajali ne, kuma na yarda, kwananta ne ya ƙare. Amma ƙaryata ta da na yi ba ajali ba ne, wannan aikina ne. Ta tafi tana ganin uwarta ta ɗauke ta maƙaryaciya, kuma babu inda zan same ta in ce ta yafe mini. Na daina zuwa aji. In na ga shida a ko'ina sai gabana ya faɗi.

'Yan uwana mata masu ajiye magani a gida, kada ku dogara da lambar da ke jikin inji kaɗai. Ku ajiye ɗan kofin ruwa kusa da maganin, ranar da kuka ga ya daskare ku nemi mai gyara, ku kuma kai maganin asibiti a duba. In injin ya daina hutawa, ba ƙarfi ne ya ƙara ba. In kuma ɗanku ya ce muku wani abu ya canza a jikinsa ko a maganinsa, ku saurare shi tun yana iya magana. Tsohuwar wayar sensar tana nan a cikin jakar 'yata, tare da ƙwallon dabinon. Na kasa zubar da ko ɗaya.