Hutun da Mai Ludayi Ta Ƙwata

Ɗalibai ne suka sa mata Mai Ludayi, sunan kuma ya bi ta har gida. Tare muke aiki a kicin ɗin wata makarantar kwana ta 'yan mata, ni ina yankan albasa da wanke shinkafa, ita tana kan wuta. Tukwanenmu irin waɗanda sai mutum biyu sun kama kunnuwansu ake sauke su ne, muciyar kuwa ta kusa kai tsayinta. Tun ina sabuwar zuwa nake ganinta a gaban murhu, ta ɗaure ƙugu da tsohon gyale, zufa na bin wuyanta, tana juyawa tana yi wa shinkafar faɗa sai ka ce tana ji. Ba ta auna gishiri da cokali. Hannu take zurawa a buhu ta damƙo ta watsa, kuma bai taɓa yin yawa ba.

Hutu mai tsawo ɗaya muke samu, na ƙarshen shekara, idan an sallami ɗalibai an kife tukwane. Mu sauran mukan yi barcinmu mu ƙoshi. Ita kuwa ranar da aka rufe makarantarmu, ranar ake buɗe wata a gidanta. Ita ce babba a ɗakinsu, 'ya'yanta duk sun yi aure, daga ita sai maigidanta, tsohon direba da ya ajiye tuƙi. Ƙannenta sai suka mayar da gidan wurin ajiye yara. Wannan matarsa za ta yi tafiya, waccan aiki ya yi mata yawa, wancan gidansa ba fili. A loda yara a mota da jakunkunansu, a sauke mata a ƙofa. Maganarsu ɗaya ce kullum, wai ai Yaya ta saba da babbar tukunya, dafa wa 'yan yara ba komai ba ne a wurinta. Yo don mutum ya saba da wahala sai a ƙara masa? Abin yana ƙona min rai, na sha gaya mata, sai ta yi dariya ta ce in bar su, jininta ne.

Bana kafaɗarta ta dama ta ƙi. Da tsami ta fara, tana shafa man zafi tana ɓoyewa, har ranar da muciya ta suɓuce mata a tsakiyar tukunya ta tsaya tana kallonta, hannun ya ƙi ɗaguwa. Likita ya ce jijiya ce ta kumbura. Ya rataya mata hannun a wuya, ya ce in ta bar shi ya huta tsawon hutun nan zai saki, in kuwa ta ci gaba da ɗaga nauyi, to ta manta da aikin wuta. Shugabar kicin ma ba ta ɓoye mata ba: in an dawo hannun bai ɗagu ba, dole a sa wata a gurbinta, don cikin ɗalibai ba ya jira. Aikin nan shi ke riƙe da gidanta, kuma ban da wannan, tana sonsa.

Ta kira ƙannen a waya ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu bana ba za ta karɓi yara ba. Kowa ya yi mata sannu, ya yi addu'a. Autansu, wanda ke aikin ofis, ya yi tasa sannun ya ƙara da cewa ai nasa yaran ba su da fitina. Ta sake cewa a'a. Ya yi dariya ya kashe waya.

Ranar da aka rufe makaranta ta ja ni kasuwa ta sayi wata 'yar tukunya da ba ta fi kwanon sha ba. Da muka isa gida ta sa maigidan ya ɗora babbar tukunyar gidan a saman kwaba, inda hannun hagu ba zai kai ba. Girkin farko da ta yi a 'yar tukunyar kuwa abin dariya ne. Hannunta bai san ma'aunin mutum biyu ba, ta damƙo gishiri yadda ta saba ta watsa. Maigidan ya kai loma ɗaya, ya runtse ido, ya sha ruwa, sannan ya tambaye ta cikin ladabi ko ɗalibai nawa take jira. Ta ce min sun yi dariya har da hawaye, amma daga baya ita hawayen nata ya ƙi tsayawa, don sai a ranar ta gane duk shekarun nan ba ta taɓa dafa abin da zai ishe ta ita kaɗai ba.

Haka ta koma koyon girki da cokali kamar amarya. Ta koyi barcin rana. Takan jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi, da yamma su taka ita da maigidan zuwa bakin titi su dawo. Ta ce da farko in ta kwanta sai ta ji kamar ta yi sata, kunnenta na jiran wani ya kira ta. Na ce mata satar ta yi kyau, ta ƙara.

Wata safiya na je yi mata kitso, tunda ba ta iya ɗaga hannu ta taje kanta. Ina cikin tsaga gashin muka ji hon a waje. Kafin ta lalubo gyale ta fita, motar Auta ta sha kwana. Ga yaransa nan a bakin ƙofa, kowa rungume da jakarsa, ƙaramar ma ko takalmi ba a ɗaure mata ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na zaci za ta yi abin da ta saba, ta ja tsaki ta ce a sauko da babbar tukunya.

Amma ba haka ta yi ba. Ta shigo da su, ta sa na haɗa musu shayi da burodi, ta goge wa ƙaramar baki da hannun hagu, ta gaya musu ba su yi laifin komai ba. Da suka gama ta ce in ɗaura mata ɗankwali a kan rabin kitson nan, in fita in tsayar da tasi.

Ofishin nasa a bene yake. Muka hau, ni da jakunkuna, ita da yara. Akwai dogon benci a gaban teburin mai karɓar baƙi, ta jera su a kai, ta ce a kira mata babansu. Ya fito da katin aiki a wuya, yana ganinmu fuskarsa ta canza. Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, wai haba Yaya, a gaban mutane, ina zai kai su yanzu, shi aiki yake yi.

"Ni ma aiki nake yi," in ji ta, ba ta kuma rage murya ba. "Aikina a watan nan shi ne in huta. Na gaya maka a waya ka yi dariya, shi ya sa na zo ka ga hannun da idonka."

Ta shafa kan yaran, ta juya. Muka sauko matattakala, ko waiwaye ba ta yi ba.

To fa, sai waya ta ɗauki ruri. Gwaggonsu ta kira ta ce ta ba da kunya, babba ba ya haka. Matar Auta ta turo saƙo mai tsawo. Ƙannen mata suka yi ta kira, kowa da nasa wa'azin zumunci, amma ba wadda ta ce a kawo mata yaran gidanta. Da abin ya ishe ta sai ta miƙa wa maigidan wayar ya jefa cikin babbar tukunyar can saman kwaba, tana ta kuka a ciki ba mai kula ta. Can wajen ƙarshen hutu ɗaya daga cikin ƙannen ta zo da abinci a kula, ta zauna tana sunkuyar da kai, ta yi mata shara ta tafi. Auta kuwa shiru kake ji.

Da aka dawo makaranta, shugabar kicin ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Mai Ludayi ta ɗaure ƙugu, ta kama muciya da hannun dama, ta juya tukunyar har ƙasa, ta ce wa shinkafar ga ta nan ta dawo, ta shiga taitayinta. Da muka zauna shan iska bayan rabon abinci na tambaye ta ko Auta ya kira. Ta girgiza kai. Na ce ko abin yana damunta.

"Yana damuna mana, ƙanena ne," in ji ta, tana murza kafaɗar a hankali. "Amma da hannun nan na ba shi abinci a baki yana yaro, na ba 'ya'yansa. Har yau bai tambaye ni yadda hannun ya kwana ba."