Ranar da Direban Cuta Ya Wuce Surukarsa

A layinmu ba mai kiransa da sunan yanka, Direban Cuta kawai ake ce masa. Da can haya yake yi da babur, har asibitin unguwa ya ɗauke shi aiki. Kayansa kula ce mai ƙanƙara, cike da 'yan kwalaben jini da majinar marasa lafiya, yana kai su babban ɗakin gwaji. Mutum ne mai baki kamar rediyo, amma in ya ɗaure kular nan a bayan babur, ko sallama ba ya amsawa. Dokar aikin ke nan: ba tsayawa, ba ɗaukar kowa, kada ƙanƙara ta narke.

Shekarar da baƙon zazzaɓi ya shigo gari, likita ta miƙa masa kula ta ce, "Wannan kular jirgi za ta hau. Ƙasashe sun yi yarjejeniya, wanda ya ba da samfurin cuta da wuri aka bincika, in an haɗa rigakafi yana da kasonsa. Kar ka bari ya lalace."

Yana karyo kwanar kasuwa sai ga surukarsa cikin rana, buhu a ka, tana ɗaga masa hannu. Ido ya ga ido. Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ya ƙara wuta.

Kafin ya dawo, tsohuwa ta kwashe 'yarta da jikoki. Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Mama, wallahi cuta na ɗauko."

"Au, ita ka ɗauka ka bar ni? To je ka, ta dafa maka abinci."

Ya tura dattawa, ta koro su. Watanni yana cin na saye, har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa. Amma bai ajiye kula ba.

Ranar da rigakafi ya iso, layi har bakin titi. Likita ta fito ta ce samfurin unguwar nan ya isa lafiya lau, a gode wa direba. Sai ga tsohuwa daga ƙarshen layi tana ture mutane.

"Ku matsa mini, surukina ne! Ai ni na ɗaga masa hannu na ce ya wuce, kar ya tsaya."

Da yamma matarsa ta dawo da yara. Ta leƙa ɗaki, ta dubi tukwane, ta toshe hanci.

"Baban yara, nan ma a zo a ɗauki samfur."