Fim Ɗin da Ya Maƙale a Kyamarar Baba

Mun tashi da asuba daga Setapak, ni da abokin zamana, kyamarar marigayi Baba tana jakata. Baba mai hoto ne a Fagge. Bayan rasuwarsa na tarar da fim ya maƙale a cikinta, kuma duk mai gyaran da na kai wa a Kano sai ya ce kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da mutuwa, in aka buɗe ta da ganganci haske zai ƙone komai. A nan ƙasar da nake karatu wani ɗan ajinmu ya kwatanta mini wani tsoho ɗan Sin mai gyaran kyamara a bayan Bukit Bintang.

Muna sauka daga jirgin ƙasa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na cusa jakar cikin riga, na duƙa ina gudu kamar ɓarawon kaza. Muka fake a wani mamak, wato shagon shayi, aka kawo shayi da roti. Na kasa ci, abokina ya taimaka mini da nawa.

Shagon tsohon ɗan ƙarami ne, sai warin mai da tsohuwar fata. Tsohon ya jujjuya kyamarar, ya ce kamfanin da gilashin tabarau ya fara, ya koma kyamarorin katako, yaƙi ya rushe masana'antar, aka sake gina ta, daga baya kyamarorin zamani suka binne shi. Ina saurare, amma idona na kan hannunsa. Rawa yake.

"Ankul, boleh?" na tambaya da yarensu, wato ko zai yiwu.

"Boleh lah," in ji shi. "Amma in ya tsinke, ya tsinke."

Ya sa kyamarar cikin baƙar jaka, ya zura hannuwansa, ya rufe ido yana lalube. Gumi ya karyo mini. Can muka ji ƙas! Abokina ya ce, "Inna lillahi." Fim ya tsinke. Guntun da ya samu ya tafi wankewa, ya ce mu dawo bayan la'asar. Mun zaga shagunan Larabawa, amma ban san abin da na gani ba.

Da muka koma, kusan duka hotunan baƙi ƙirin suka fito, sai guda. Inna ce a tsakar gida, tana tankaɗe, tana dariyar da rabona da ita tun rasuwar Baba.

A jirgin komawa na gane cewa abin da mutum ya ɓoye don tsoron kada ya lalace, daidai yake da wanda ya rasa. Muna isa gida na tura wa Inna hoton. Ta kira, ta ce, "Ka ga babanka ko? Ranar ce mini ya yi babu fim a ciki."