Jami'ar da Ba Ta Cikin Wayar Baffa

Baffana, ƙanen mahaifina, ejan ne a bakin bodar Jibiya, shi ke fitar wa 'yan kasuwa kaya. Tun rasuwar mahaifinmu maganar karatuna ta koma hannunsa, shi kuwa ya ɗauke ta da zafi.

Duk shekara idan Turawa suka fitar da jerin manyan jami'o'in duniya, sai ya baje a rumfar ejan-ejan da wayarsa yana karanto musu: ta Amurka ta hau, ta Ingila ta sauko. Su yi ta musu kamar masu gardamar ƙwallo. Cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ko ƙofar ɗaya. Ni ina gefe da sakamakon sakandare yana tsufa a jaka, domin Baffa ya rantse sai ya samo mini tallafin karatu a ɗaya daga cikin na saman. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, abokaina suka yi nisa. Na ji haushi har na daina zama rumfar.

A ɓoye na nemi gurbin karatun aikin gona a wata jami'a ta Nijar, bayan na ɗan koyi Faransanci wajen wani malami ɗan Maraɗi. Suka ɗauke ni. Da na gaya wa Baffa, ya yi ta jan yatsa a kan wayar har ƙarshen jerin.

"Ba ta ciki," in ji shi. "Mi za ka yi a wannan lakwal, makarantar da duniya ba ta san da ita ba?"

Na ce, "Baffa, waɗanda duniya ta sani su ba su san da ni ba."

"In ka tahi, kada ka kawo min takardarka gida."

Ranar tafiya na ɗaure katifa a bayan babur ɗin ɗan acaɓa. Dole hanya ta bi ta gaban rumfarsu. Na sauka na durƙusa na gaishe shi, ya kau da kai. Na hau, muka wuce shingen boda, jandarman Nijar ya duba katin shaidata ya miƙo mini.

Na gama karatun, ina aikina. Baffa ya rasu bai taɓa tambayata abin da na karanta ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe. Amma da za a mayar da ni gaban rumfar nan, babur ɗin zan sake hawa.