Mai Tsugunno a Tashar Tanauan

A tashar motar garin Tanauan ga benci babu kowa a kai, amma wani mutum yana tsugune a gefen titi. Zai kai shekara arba'in. Yatsun hannunsa sun karkace, irin na wanda ya daɗe yana cafe ƙwallo a tsugune a bayan mai dukanta da sanda a wasan besbol. Duk motar da ta gifta daf da shi, ba ya ƙifta ido. Sai ya ja numfashi, ya taɓa hularsa, ya jira ta gaba. Ina jin kullum haka yake horar da kansa, don kada ya ƙifta ido in ƙwallo ta taho.

Wata mai sayar da gyaɗa ta gane shi, ta kira shi da Kuya, wato yaya a yarensu.

"Kuya Nanding! Ba kai ka saki ƙwallo jiya aka cinye mu ba? An ce in ka maimaita yau, sallamarka za su yi. Zauna ka huta, tsufa ya zo!"

Fasinjoji suna ta dariya. Amma bai waiwaya ba sai da ya gama sauke numfashinsa.

"Aling Pacing, ta jiya ta riga ta faɗi," in ji shi, yana girmama ta da Aling, wato inna. "Ta yau nake jira."