Sifirin ɗaki na talatin da ɗaya

Har gobe ban manta da safiyar takwas ga Zulhajjin 2013 ba, shekarata ta farko a wani masaukin alhazai a unguwar Misfala da ke Makka. Aikina ranar shi ne bin ɗakuna bayan alhazai sun sauko za su tafi Mina. Akwai takarda mai lambar kowane ɗaki, a gaban lambar ka rubuta mutum nawa suka rage. Da an miƙa ta sai a kulle gida, mu ma'aikata mu bi su, ba mai dawowa sai bayan Arfa. Wanda kuwa tsayuwar Arfa ta wuce shi, ba shi da Hajji.

Shugabanmu Ustaz Abdurrashid ne, Ba'indiye, tsohon malamin lissafi, mai ƙa'idar tsiya. Ni kuwa lokacin kaina na rawa. A bene na uku ƙwanƙwasawa kawai na yi, inda na ji shiru na bar gurbin fili.

Ya duba takardar ya ce, "Ya Sani, talatin da ɗaya fa?"

"Ba kowa, ya Ustaz. Ai babu ba a rubuta ta."

Ya cire tabarau. "Kakanninmu a Indiya sun ga gurbin da aka bari fili yana ruɗa mai lissafi, shi ya sa suka yi wa babu alama, da fari ɗigo, daga baya da'ira. A hannunsu Larabawa suka karɓa. Sifiri shaida ce cewa an duba. Idonka ya gani?"

Direbobin motocin alhazai na ta danna hon, na haye ina ƙunƙuni. Ina buɗe ɗakin sai ga wani dattijo a ƙasa cikin haraminsa, ƙafa ta riƙe, murya ta dishe.

"Ɗan nan, sun tafi ko?"

"Suna jiranka, Baba."

Goya shi na yi har cikin mota, sannan na koma na buɗe sauran ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ustaz bai yi mini faɗa ba, biro ya miƙo mini ya ce, "Yanzu rubuta." Na karɓa na zana sifirin.

An rushe gidan nan tuni, Ustaz ya koma ƙasarsu, kuma wallahi ina kewarsa. Ku da kuke cike takardun nan a waya yanzu, kada ku danna sifiri sai kun buɗe ƙofa. Daga baya na ji cewa dattijon nan shekara goma sha ɗaya ya yi yana tanadin zuwa, ni kuwa saura ƙiris in kulle shi a ɗaki don ƙyuyar murɗa makulli.